Manhajar MEGA da salsalar dodon koɗi mara kwanso: abin da ta iya da inda ƙarfinta ya tsaya

Duk wanda ya taɓa ɗaga tukunyar shuka a wani lambu na Ingila da sassafe, bayan an kwana ana yayyafi, ya san halittar da wannan rubutu ya shafa: dodon koɗi ne sak, da ƙahonninsa huɗu da yauƙinsa da jan cikinsa, sai dai babu kwanso a bayansa. A kan waɗannan halittu na gwada manhajar MEGA, wadda ake kwatanta jerin haruffan DNA da zana bishiyar dangantakar halittu da ita, siga ta 11, har tsawon wata bakwai lokacin da nake karatu a can, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin ɗaliban ilimin halittu da ke tunanin soma aikin DNA da ita. Zaɓen wannan halitta ya sa gwajin ya yi tsanani fiye da yadda na zata, domin kwanso shi ne abin da masana suka fi dogara da shi wajen bambanta dodannin koɗi, kuma idan babu shi sai launi da girma, waɗanda ke sauyawa da shekaru da abinci, sannan su dusashe da zarar an jefa dabbar cikin barasar adana samfur. Hanyar da aka gada ita ce a feɗe dabbar a duba gaɓoɓin haihuwarta, kasancewar kowane ɗaya daga cikinsu mata-maza ne kuma fasalin waɗannan gaɓoɓi ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi. Da irin wannan duba ne Stella Davies ta nuna, a ƙarshen shekarun 1970, cewa abin da ake kira Arion hortensis jinsi uku ne. Matsalar ita ce ƙanana waɗanda ba su balaga ba gaɓoɓinsu ba su gama ƙira ba, su ne kuma aka fi samu a gona, to a nan ne DNA ke shigowa.

MEGA ba sabuwar manhaja ba ce. Sudhir Kumar da Koichiro Tamura da Masatoshi Nei ne suka fitar da sigarta ta farko a 1993 a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma Nei, wanda ya rasu a 2023, shi ne wanda ya haɗu da Naruya Saitou a 1987 suka ƙirƙiro hanyar haɗa maƙwabta, wato dabarar zana bishiyar dangantaka ta hanyar haɗa jerin da suka fi kusa da juna bi da bi. Siga ta 11 ta fito a 2021, ta 12 kuma ta biyo baya a 2024. Kyauta ake sauke ta, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta buƙatar intanet sai idan mutum zai ɗebo bayanai daga GenBank, rumbun intanet da masu bincike ke ajiye jerin haruffan DNA. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga ɗalibin da ke lissafin kuɗin data kuma yake aiki gwargwadon cajin batirinsa, musamman idan aka tuna cewa manhajojin kasuwa masu yin irin wannan aiki ana biyan kuɗin lasisinsu ne da dala duk shekara.

Kayan gwajina kashi biyu ne. Na farko samfura 12 ne da na tsince da hannuna a lambun gidan da na zauna da kuma gefen wata gonar alkama. Daga kowanne na yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero a ƙarshen wutsiya, kuma wanda bai taɓa yi ba zai yi mamakin yadda yauƙin ke naɗe almakashi ya hana su kamawa, sai an goge an sake gogewa. Wannan yauƙi ba ƙazanta kaɗai ba ce, yana ɗauke da sinadarai masu hana aikin ninka DNA (wato yin kwafinsa masu yawa kafin a karanta shi) tafiya, shi ya sa masu aiki a kan dodon koɗi kan yi amfani da sinadarin CTAB ko kayan tacewa da aka keɓe wa irin waɗannan dabbobi. Yankin da muka ninka shi ne na ƙwayar gado ta COI da ke cikin maitokondiriya (ɓangaren tantani mai samar da kuzari, wanda ke da nasa DNA), mai tsawon haruffa kimanin 650, da mafaran (gajerun jerin DNA da ninkin ke tashi daga kansu) da Folmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, wato LCO1490 da HCO2198. Shi ne yankin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawara a 2003 a mayar da shi tambarin gane dabbobi. Wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ne ya karanta mana jerin haruffan, kuma biyu daga cikin sakamakon da ya aiko sun zo a cakuɗe, sai da aka sake. Kashi na biyu jeri ne kusan 80 da na ɗebo daga GenBank, na Arion da Deroceras da Limax da Testacella da wasu 'yan kaɗan daga dangin Veronicellidae.

Abu na farko da ya burge ni shi ne MEGA na buɗe ainihin fayil ɗin da injin karatu ya fitar, mai tuddai masu launi huɗu, kore da shuɗi da baƙi da ja, kowane launi na wakiltar harafi ɗaya daga A da C da G da T. A nan ne na gane cakuɗewar samfura biyun nan da idona, domin a maimakon tudu ɗaya tsaf a kowane gurbi sai ga biyu sun hau kan juna tun daga tsakiyar jerin har ƙarshe. Ana iya datse farko da ƙarshe inda karatun bai fita ba, a gyara harafi da hannu, sannan a tura jerin kai tsaye zuwa tagar daidaita sahu. Abin da wannan taga ta tuddai ba ta yi cikin sauƙi shi ne haɗa karatun gaba da na baya su zama jeri ɗaya kamar yadda manhajojin da aka ƙera don haka suke yi, saboda haka sai mutum ya juya karatun baya da kansa ya jera su ya kwatanta. Ga samfura 12 wannan aikin yini ɗaya ne, amma ga mai samfura 300 ban ba shi shawarar ya bi ta nan ba.

Daidaita sahu shi ne jera haruffan kowane samfur a ƙarƙashin na ɗan'uwansa yadda kowane gurbi zai fuskanci takwaransa, kuma MEGA na ɗauke da dabaru biyu, ClustalW da MUSCLE, a cikinta don wannan aiki. A kan COI duka biyun sun gama kafin in ɗauke hannu daga linzami. A nan kuma na tafka kuskuren da ya ci mini kwana biyu, wanda laifina ne ni kaɗai. Na danna wurin da ke fassara haruffan DNA zuwa furotin domin in tabbatar jerin nawa na gaskiya ne, sai ga taurari sun bazu a allon, kowane tauraro kuwa alama ce ta inda ginin furotin ya yanke. Hankalina ya tashi, na ɗauka kwafin bogi na COI muka ninka, irin wanda kan ɓata ya shige cibiyar tantani ya lalace a can. Ashe ban sauya tsarin fassarar ba ne: a tsarin gama-gari haruffan TGA na nufin tsayawa, alhali a maitokondiriyar dabbobi marasa ƙashin baya suna nufin sinadarin tiriftofan. Da na zaɓi tsarin da ya dace, na kuma gyara gurbin da karatun ke farawa, taurarin suka ɓace gaba ɗaya. Na kawo wannan labari ne domin wannan fassara ita ce kariya mafi arha da manhajar ke bayarwa, kuma na ga ɗalibai da dama suna tsallake ta. Ƙwayar 16S kuwa, wadda masu nazarin Arion ke yawan amfani da ita, ba ta gina furotin, tana kuma da wurare masu yawan giɓi inda ClustalW da MUSCLE suka ba ni jeri daban-daban. Manhajar na ba da damar a watsar da duk gurbin da ke da giɓi, ko a watsar da shi tsakanin samfura biyu kawai, ko a sa iyaka, amma ba ta faɗa wa mutum wanne ya fi dacewa da bayanansa, kuma zaɓin yana sauya lissafi.

Inda MEGA ta fi ƙarfi, a ganina, shi ne lissafin tazara. Ana raba samfura rukuni-rukuni, a zaɓi ma'auni kamar na Kimura na 1980, nan take a samu jadawalin bambancin da ke cikin kowane rukuni da wanda ke tsakanin rukunai, a kuma fitar da shi zuwa Excel. Samfurana na gefen gonar alkama sun zauna daf da jerin Deroceras reticulatum na rumbun, wato ɗan tokan nan da manoman Turai ke kuka da shi saboda cinye tsiron alkama da na ganyen da ake matse mai daga irinsa. Amma dole mai karatu ya yi hattara da ƙa'idar nan da ta yaɗu, cewa bambancin kashi 2 ko 3 cikin ɗari na nuna an shiga wani jinsi. A tsuntsaye da malam-buɗe-littafi ƙa'idar kan yi aiki sau da yawa, a dodannin koɗi na tudu kuwa tana yawan karyewa. Angus Davison da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa a wannan rukuni bambancin cikin jinsi ɗaya kan kai har ya shiga iyakar bambancin da ke tsakanin jinsuna, kuma Arion subfuscus ya yi suna wajen ɗauke da zuriyoyin maitokondiriya masu nisan gaske da juna. Dabba ce mai tafiyar hawainiya, al'ummominta kan daɗe a ware, wasu jinsunan ma kan yi wa kansu barbara ba tare da abokin tarayya ba. Jadawalin MEGA zai ba da lamba daidai har zuwa ɗigo uku, fassara lambar kuma aikin mai bincike ne.

Sai batun sunaye, wanda ya fi komai ruɗa ni a farkon aikin. Da na zana bishiyar farko sai na ga jerin da ke ɗauke da sunan Arion lusitanicus sun kwanta a reshe ɗaya da masu sunan Arion vulgaris, babu abin da ya raba su. Dalili shi ne shekaru da dama an riƙa kiran vulgaris, babban mai ɓarnar lambunan Turai, da sunan lusitanicus bisa kuskure, alhali ainihin mai wannan suna, wanda Mabille ya bayyana a 1868, wani jinsi ne daban na ƙasar Fotugal. Laƙabin ɗan Sifaniya da ake yi wa vulgaris ma bai tsira ba, domin Markus Pfenninger da abokan aikinsa sun bi sawunsa da DNA, suka wallafa a 2014 cewa ba su same shi a Sifaniya ba. Haka abin yake ga Deroceras: sai a 2011 Heike Reise da abokan aikinta na gidan adana kayan tarihin halitta na Senckenberg da ke Görlitz a Jamus suka nuna cewa wanda ya bazu a duniya ana ce masa panormitanum wani jinsi ne da bai da suna, suka raɗa masa invadens. Tsofaffin jeri da yawa na nan a rumbun da tsohon suna, tun da wanda ya ajiye jeri shi ke da ikon gyara shi. MEGA ba ta da laifi a nan, sai dai kuma ba ta yin gargaɗi. Burauzar da ke cikinta na kwaso jeri daga GenBank da sunan da aka liƙa masa, ta zuba shi cikin aikin mutum da dannawa ɗaya, kuma wannan sauƙi da na yaba a makon farko shi ne ya sa na kusa rubuta cewa na gano jinsuna biyu sun zama ɗaya.

Zanen bishiyar kansa ba ya wahala. Hanyar haɗa maƙwabta ta gama da jerin nawa 90 da 'yan kai cikin daƙiƙoƙi, har da gwajin maimaici sau 1000, wato dabarar da Joseph Felsenstein ya kawo a 1985, inda ake sake ɗebo guraben haruffa a yamutse ana sake zana bishiya domin a ga sau nawa kowane reshe ke dawowa. Kafin hanyar da ke neman bishiya mafi yiwuwa, manhajar na gwada tsare-tsaren sauyin haruffa guda 24 ta jera su daga mafi dacewa, kuma wannan taimako ne babba ga mafari. Ita wannan hanya ta biyu tana da nauyi a MEGA 11: a kan tsohuwar kwamfutata sai da na bar ta ta kwana tana aiki, alhali manhajar IQ-TREE, wadda ita ma kyauta ce amma sai an rubuta mata umarni, ta gama makamancin aikin kafin shayi ya huce. Masu manhajar sun ce sun rage wannan nauyi a siga ta 12.

Abin da bishiyar ta nuna shi ne ainihin darasin da na ɗauka. A ƙarshen rassa, inda samfuran jinsi ɗaya ke taruwa, lambobin maimaici sun kai 99 da 100 cikin ɗari. Da aka gangaro zuwa gindi, inda ake tambayar yadda manyan dangogin Arion da Limax da Testacella, wato Arionidae da Limacidae da Testacellidae, suka danganci juna, sai lambobin suka zube ƙasa da 50, kuma tsarin rassan ya riƙa sauyawa duk lokacin da na cire jeri ɗaya ko na ƙara. COI na sauyawa da sauri, musamman harafi na uku a kowane rukunin haruffa uku, har gurbi ɗaya kan sauya ya sake sauyawa ya koma yadda yake, ta yadda baƙi biyu za su yi kama da juna bisa katari. Saboda haka tana iya raba wa da ƙane, amma ba ta iya kai mutum ga kakannin kakanni. Tambayar gindin kuwa ita ce mai daɗin, domin rashin kwanso ba gadon kaka ɗaya ba ne. Limax na ɗauke da ɗan faifan kwanso a ɓoye ƙarƙashin mayafin bayansa, na yawancin Arion ya ruguje ya zama tsakuwoyin alli, Testacella mai cin tana na jan ɗan ƙaramin kwanso a ƙarshen wutsiya, su kuwa Veronicellidae, waɗanda ake samu a Afirka da sauran ƙasashe masu zafi, ba su da shi sam kuma reshensu daban ne tun daga nesa. Binciken da Christopher Wade da Peter Mordan da abokan aikinsu suka wallafa a 2001 da 2006 ya ƙarfafa cewa zuriyoyi daban-daban ne suka rasa kwanso kowace a nata lokacin, kuma sun yi shi ne da ƙwayoyin gadon ribosom (ma'aikatar da ke gina furotin) na cibiyar tantani, masu sauyawa a hankali. MEGA na ba da damar cire harafi na uku daga lissafi, tana kuma iya rushe duk reshen da lambarsa ta gaza iyakar da aka sa mata. Da na yi hakan da iyakar 50, gindin bishiyar ya koma kamar tsintsiya, kuma wannan shi ne hoton gaskiya na abin da bayanan nawa suka sani.

A nan ne ƙarfin manhajar ya tsaya. Mai son amsa tambayar gindi sai ya haɗa ƙwayoyin gado da yawa, kowace da tsarin sauyinta, kuma a sigar da na yi amfani da ita ba a iya raba dogon jeri kashi-kashi a ba kowane kashi nasa tsarin wajen neman bishiya mafi yiwuwa. Babu hanyar lissafin Bayes ta zana bishiya a cikinta, sai an koma manhajojin MrBayes ko BEAST. Babu dabarun shata iyakar jinsi irin su ABGD da ASAP, babu kuma zanen ragar da ke nuna dangantakar samfuran cikin jinsi ɗaya. Domin a ga muhimmancin wannan, a dubi aikin Ben Rowson da abokan aikinsa na 2014 a kan marasa kwanson Birtaniya da Ayalan. An daɗe ana cewa jinsi 36 ne a can. Sun haɗa COI da 16S da ITS-1, wani yankin DNA na cibiyar tantani da ake gada daga iyaye biyu, lissafin farko ya ba su 47, da suka kwatanta da feɗa da sauran hujjoji ya sauko zuwa 44, ciki har da 8 da ba a san suna ƙasar ba. Tazarar da ke tsakanin 47 da 44 ita ce aikin da babu maɓallin da zai yi wa mutum.

Akwai kuma wani abu da nake yabawa ina kuma tsoro. Bayan kowane lissafi MEGA na rubuta bayanin da za a sa a ƙarƙashin hoto, da cikakken Turanci, da sunan hanyar da aka bi da adadin jeri da guraben da aka lissafa, har da sunayen waɗanda ya kamata a ambata. Ga ɗalibin da Turanci ba harshensa ba ne wannan rangwame ne, kuma yana hana mantuwa. Amma bayanin da take rubuta wa bishiyar da aka gina a kan sahu mai kyau shi ne dai take rubuta wa wadda aka gina a kan karkataccen sahu da sunayen kuskure, duka biyun kuma za su fito fes kamar an gama aiki. Tagar gyaran hoton tana isa ga kundin digiri: ana juya reshe, a sa saiwa a kan bare, wato jinsin waje da aka ƙara domin kwatance, a naɗe rukuni ya zama kusurwa uku, a fitar da hoto ko fayil ɗin bishiya na tsarin Newick domin a ƙarasa ƙawatawa a manhajar FigTree.

Shawarata ga malamin da zai koyar da aji yadda ake tashi daga jerin haruffa zuwa bishiya, da ɗalibin da ke son sanin ko samfurinsa reticulatum ne ko invadens, ita ce su fara da MEGA, domin ban san wata manhaja ta kyauta da ta tara duba tuddai da daidaita sahu da tazara da bishiya a taga ɗaya cikin irin wannan sauƙi ba. Wanda kuma tambayarsa ta shafi yadda manyan dangogi suka rarrabu, ya yi amfani da ita wajen share fage kawai, ya kuma ware lokacin koyon IQ-TREE tun da wuri.

Daga cikin samfurana 12, goma sun samu suna da na gamsu da shi. Sauran biyun ƙananan Arion ne masu launin ruwan goro, kuma COI ta ajiye su a reshen vulgaris da lamba mai ƙarfi. Sai dai maitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, an kuma tabbatar cewa vulgaris na barbara da 'yan'uwansa Arion rufus da Arion ater a wurare da dama na Turai, don haka barbarar yanyawa na iya ɗauke da tambarin uwarsa yayin da rabin gadonsa na wani jinsi ne. Na feɗe ɗaya na tarar gaɓoɓin ba su ƙosa ba. A kundina na rubuta su a matsayin Arion masu maitokondiriyar vulgaris, na mayar da su cikin kwalbar barasa da lambobinsu a rubuce da fensir, har sai an samu kuɗin karanta ITS-1.